Akwatin Kiɗa da Kiran La'asar

Wata bakwai Sumayyah Lurwanu ta yi a kan akwatin nan kafin ya yarda ya yi kiɗa. Ranar da aka sauke shi a siton kamfanin gwanjon da take wa aiki, can cikin Birnin Masana'antu na Biyu a Riyadh, tsayinsa ya kai na ƙofar ɗaki, katakonsa ya yi baƙi ƙirin, cikinsa kuwa ban da tsatsa da kashin ɓera babu komai. A Jamus aka ƙera shi, shekara ɗari da ashirin da 'yan kai. Ba ya cin wuta, ba ya cin batir. Hannu ake murɗa masa a gefe, a ɗora masa wani faifan ƙarfe mai faɗin babban tire, sannan a jefa masa tsohon kwabo ta wata 'yar kafa. Faifan ya shiga juyawa, ƙayoyin da ke bayansa su riƙa taɓa haƙoran wani matajin ƙarfe, kowane haƙori da tasa muryar. Haƙora ɗari da hamsin da tara, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa sauya ko ɗaya ba. A nan darajarsa take a wurin masu saye.

Ba don wannan aikin aka ɗauko ta daga Gusau ba. Injiniya ce, an kawo ta ta kula da na'urorin sanyaya siton. Sai kamfanin ya yi hayar wani tsohon magyari daga Turai na wata uku, aka rasa mai riƙe masa fitila, domin mazan ofis sun ce wannan aikin leburori ne, leburorin kuma ba sa jin Turancinsa. Ita ta riƙe. Da tsohon ya koma ƙasarsu hannunsa na rawa, sai ya zama duk Riyadh ba a san wani da ke iya buɗe cikin irin waɗannan akwatuna ya rufe lafiya ba sai ita. Albashinta bai motsa ba. Sunan aikin da ke kan iƙamarta, takardar izinin zamanta a ƙasar, ma bai motsa ba. Ta shanye wannan, ta ci gaba da aiki, amma ba ta manta ba.

Mudir ɗin kamfanin, wato manajansa, Abu Rakan, ya buga a littafin gwanjo cewa akwatin zai tashi tsakanin riyal dubu ɗari uku da hamsin zuwa dubu ɗari huɗu. Ya riƙa gaya wa kowa cewa an sayar da ƙanen akwatin a Turai bara, wanda bai kai shi kyau ba, a kan kuɗin da ya fi haka. In yana wannan magana "mun gyara" yake cewa, ko da tana tsaye a gefensa da baƙin mai a farcenta.

Kwana tara kafin gwanjo aka kai kayan wani zaure da suka kama a Al-Nasiriya, don masu kuɗi su zo su gani da idonsu. Tun a mota ta sake gaya wa mudir abin da ta riga ta rubuta ta liƙa a cikin ƙofar akwatin: in an jefa kwabon, babu tsayawa. Ba shi da maɓallin kashewa. Sai faifan ya zagayo ya dawo inda ya fara, minti biyu ba kaɗan, sannan ya tsaya da kansa. Ya ce ya ji, ya ji, yana danna waya.

Wajen ƙarfe uku da 'yan mintoci wani babban attajiri ya shigo da mutanensa, ana ta ja da baya ana ba shi hanya. Ya tsaya gaban akwatin ya ce yana son ya ji. Sumayyah ta dubi agogo, ta matso kusa da mudir ta ce masa a hankali saura minti ɗaya a kira la'asar, a bari a idar. Ya ce irin wannan mutum ba ya jira. Ya aike ta can ƙarshen zauren ta ɗauko sauran faya-fayan, ya karɓi kwabon ya jefa da hannunsa.

Kiɗan ya tashi kamar ruwa na zuba a kan ƙananan ƙararrawa. Zauren ya yi tsit. Har ita da ke can nesa rungume da faya-fayai sai da ta tsaya, don ba ta taɓa jinsa a wuri mai faɗi haka ba.

Bai kai rabi ba ladanin masallacin da ke bayan katanga ya ɗaga murya.

Attajirin ya sauke kai ya yi istigfari, ya ɗago ya dubi mudir. Mudir ya waiga, idonsa ya faɗa kan Laouali, leburan da ya fi kusa, ya kaɗa masa yatsu ya ce ya tsayar da shi, yanzu-yanzu.

Laouali dattijo ne mutumin Damagaram, shekararsa goma sha shida yana ɗaukar kaya a Riyadh. Duk siton an san shi da abu guda: in ladan ya buɗe baki, to duk rediyon da ke kusa da hannunsa ya mutu, ko na wane ne, kuma ba a taɓa yi masa musu ba. Bai iya karanta takardar da ke liƙe a ƙofar ba. Ya buɗe gilashin, ya nemi abin kashewa bai gani ba, sai ya kama sandar da ke danne faifan ya fizgo.

Ƙarar da ta biyo baya gajeriya ce, kamar an ja cokali a kan taga mai ƙarafuna. Faifan ya lanƙwashe ya faɗo. Sannan shiru, sai muryar ladan.

Mutane suka nufi alwala. Sumayyah ta durƙusa a kan tayil ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta jera a tafin hannunta. Haƙora huɗu. Kowanne bai kai tsinken ashana ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta dubi kowa ba. Tana ji mudir yana bin attajirin zuwa ƙofa yana cewa faifai ne kawai ya lanƙwashe, ƙaramin abu, akwai wasu ashirin.

Washegari ya kira ta ofis, ya sa aka kawo mata gahawa da dabino, abin da bai taɓa yi ba. Ya shimfiɗa mata maganar dalla-dalla. Hanya biyu ce. Ta farko, ta yanka sababbin haƙora ta dasa cikin kwana takwas, ta goge wurin yadda ido ba zai gani ba, littafin gwanjo ya tsaya yadda yake. In babu ɓarna babu mai laifi, kowa ya ci gaba da cin abincinsa. Ta biyu, in ta nace sai an faɗa, to farashi zai zube, ita ma ta san da haka, akwatin da aka taɓa matajinsa yakan rasa sulusin kuɗinsa ko fiye. Mai akwatin kuma, wani magajin tsohon gida da ya ba su amanar sayarwa, zai tambayi wanda ya yi. Ya turo mata takarda da aka riga aka buga: wai lebura ya taɓa kaya ba da izini ba. Wurin sa hannun injiniya ne kaɗai ya rage. Da ta sa, za a buga wa Laouali fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa.

Ta tambaye shi wa ya jefa kwabon. Ya ce ba wannan ake magana ba. Ta tambaye shi wa ya kaɗa yatsu. Ya yi murmushi ya ce ya lura kwantiraginta saura wata huɗu, kuma shi mutum ne mai son ya riƙe ma'aikatan da ke da fahimta.

Ta ture kofin gahawar gefe ba ta sha ba. Ta ce za ta gyara akwatin. Iyakar abin da ta ce ke nan, shi kuma ya ɗauka ta zaɓi hanyar farko, ta bar shi da ɗaukarsa.

A bayan sito ta sami Laouali zaune a kan wani fankon akwati yana cin gurasa da shayi. Tun jiya take tara masa magana, sai ga ta ta fito gaba ɗaya. Ta ce masa wata bakwai ya karya mata cikin ƙiftawar ido. Ta ce ita ta wanke haƙoran nan ɗaya-ɗaya da burushin da bai kai na jariri ba, sun tsira daga yaƙin duniya biyu da jirgin ruwa da ɓeraye, sai hannunsa ne ba su tsira ba.

"Minti ɗaya, Baba Laouali. Da ka bar shi minti ɗaya da ya yi shiru da kansa."

"Minti ɗaya ai ladan ya kai hayya alas-salah, ɗiyata," in ji shi. "Ni ban san shina da taurin kai haka ba. Rediyo ko na Bature ne, in ka murɗe kunnenshi shina ji."

"Wannan ba rediyo ba ne."

"Na gani yanzu."

Ya ce ya ji labarin takardar, direban mudir ya gaya masa. Ya ce in ta kama ta sa hannu ta sa, ba zai riƙe ta a zuciya ba, hannunsa ne ya yi ɓarnar. Abu ɗaya ne kawai ke damunsa: autarsa Delou tana makarantar koyon jinya a Damagaram, saura mata shekara biyu, kuma daga bayansa kuɗin makarantar ke fita. In ya koma gida yanzu, wa zai ɗauki tsoho aikin dako?

Wannan sanyin nasa ya fi komai ƙona mata rai. Ta ce masa shi ya sa ake taka su. An ce ka yi, ka yi, an juyo an ce kai ka yi, ka ce to. Ta gaya masa abin da ta ƙudura: za ta gyara, za ta faɗi cewa an gyara, kuma ba za ta sa hannu a kan ƙarya a kansa ba.

Ya ajiye kofin shayin. Karo na farko ta ga fuskarsa ta canza.

"To ke da wuyana za ki yi caca ke nan. Mutumin ya ba ki hanyar da kowa zai kwana lafiya. Ki rufe bakinki mana. Masu sayen nan mi za su rasa? Kuɗi ne ya yi masu yawa."

"Hannuna ne a cikin akwatin. Ba zan sayar wa mutum sabon ƙarfe in ce masa na shekara ɗari ne ba."

"Ke kina da takardun makaranta. In sun kore ki gobe wani ya ɗauke ki. Ni fa?"

Ta juya ta shiga ciki, maganar na bin ta.

Kwana takwas ɗin nan ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Da an idar da asuba motar kamfani ta sauke ta, ta ɗaure mayafinta tamau ta zauna gaban teburi. Sai ta yanke gurbin haƙorin da ya karye a jikin matajin, ta yanko sabon ƙarfe daidai gurbin, ta gasa shi ta tsoma a mai ya yi tauri, ta dasa ta liƙe. Sannan aikin gaske: gurza shi da magagari kaɗan-kaɗan, ta taɓa ta saurara, ta sake gurzawa, har muryarsa ta zauna tsakanin ta maƙwabtansa. In ta wuce da gashi ɗaya, ya lalace, sai sabo. Na biyun sau uku tana yin sa. Na ukun ya tsage a cikin mai ranar Laraba, ta jefar da magagarin ya bugi bango, ta je ta ɗauko. Yatsunta suka yi kanta, suka fashe, ta naɗe su da filasta ta ci gaba.

Mai riƙe fitila take bukata, kuma ba wanda ya zo sai Laouali. Kwana uku ba su ce wa juna uffan ba ban da sallama. Yana tsaye a kanta awa da awanni, hannunsa ko rawa ba ya yi. A rana ta huɗu ya ce wannan da ta gama yanzu kamar yana da mura. Ta harare shi, ta taɓa haƙorin, ta ji gaskiyarsa, ta sake gurzawa.

Mudir yakan leƙo da rana ya tambaya ko wurin zai ɓoyu. Takan ce masa aikin zai yi kyau. Da yamma in ta koma masauki sai ta buɗe kwamfuta ta ƙara layi a kan tata takardar: ƙarfe nawa attajirin ya shigo, me ta ce, me aka ce mata, wa ya jefa kwabo, wa ya ba da umarni, da sunayen ma'aikata uku da suke tsaye a wurin. Ta rubuta da Larabci, ta rubuta da Turanci, ta sa sunan mai akwatin a sama.

Ranar gwanjo zauren ya cika bayan magariba. Kujeru jere, turare na tashi, a gefe guda kuma teburin ma'aikata masu riƙe da wayoyi, kowanne da mai saye a kunnensa daga wata ƙasa. An fara da ƙananan kaya. Wani tsuntsun ƙarfe mai kuka a cikin keji ya tashi a dubu arba'in da biyu. Wani akwati mai girman burodi, wanda kiɗansa bai fi na tallan askirim daɗi ba, mutum biyu suka yi ta ja har dubu casa'in, don kawai kada ɗaya ya bar wa ɗaya. Sumayyah na tsaye jikin bango tana kallon hannuwa na tashi. Ta san yawancinsu ba za su murɗa abin sau biyu ba. Za a kai shi majalisi a ajiye, wani irin Laouali ya riƙa share masa ƙura.

Da aka zo kan nata, aka jefa kwabon. Ya yi kiɗansa tun daga farko har ƙarshe, ya tsaya da kansa. Ko ita sai da ta kasa kunne sosai kafin ta gane inda sababbin suke. Aka tafa. Mai gwanjo ya karanta bayanin littafi, har da layin da ke cewa matajin na asali ne, ba a taɓa shi ba.

Sai wata ma'aikaciya a teburin waya ta ɗaga hannu. Mai sayenta ya ji an ce an sami matsala ranar nuni, yana son wanda ya yi gyaran ya tabbatar da bakinsa. Mudir ya waigo ya yafito Sumayyah da fara'a, kamar mai kiran 'yarsa ta gaida baƙi.

Ta taka zuwa gaba.

"Sunana Injiniya Sumayyah Lurwanu. Ni na gyara wannan akwatin. Haƙora ɗari da hamsin da biyar na asali ne. Huɗu sun karye kwana tara da suka wuce, ni na yanka sababbi na dasa. Ga tsofaffin a wannan kwalbar, duk wanda ya saya zai tafi da su."

Ta faɗa da Larabci, ta maimaita da Turanci don masu waya, ta ajiye 'yar kwalbar a kan teburin mai gwanjo ta koma jikin bangonta.

Aka fara daga dubu ɗari da hamsin. Biyu daga cikin masu waya suka ajiye. Attajirin nan bai ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Aka ja a hankali, kamar ana jan guga mai nauyi, har dubu ɗari biyu da talatin da biyar, guduma ta sauka. Wata mata ce ta saya ta waya.

A lungun da ke bayan zauren mudir ya tare ta. Fuskarsa ta yi ja, amma muryarsa ƙasa-ƙasa saboda baƙi. Ya ce ta san abin da ta jawo, fiye da dubu ɗari ta ƙone a cikin numfashi ɗaya. Ya zaro takardar nan daga aljihu da biro, ya ce tunda ta zaɓi hanya ta biyu, to ta cika ta.

Ta buɗe jakarta ta miƙa masa tata. Ya karanta a tsaye, ya kai kan sunan da ke sama, ya sake komawa farko. Ta ce masa ba ta aika ba tukuna. Ranar da aka buga wa Laouali fita, ranar za ta aika wa mai akwatin, ta kai ɗaya ofishin ƙwadago, kuma zauren nan yana da kyamara a kowace kusurwa, shi da kansa ya sa aka kafa su.

Ya ce ita 'yar Afirka da aka kawo gyaran na'urar sanyi ita ce za ta yi masa barazana.

"Ba barazana ba ce. Abin da ya faru ne, na rubuta."

Ya ce to ta sani, kwantiraginta ba za a sabunta ba, ko da za a rufe sashen akwatunan gaba ɗaya.

"Na fi ka sanin ranar da zai ƙare," in ji ta.

Ya ninke takardun biyu tare ya cusa a aljihu ya wuce.

Kwana goma ba wanda ya san inda aka kwana. Laouali yana zuwa aiki kullum da 'yar jakarsa a shirye, ya ce gara in za a kore shi kada ya koma masaukinsa na Gubaira yana tattara tsummoki a gaban mutane. Bai ƙara yi mata maganar ba, ita ma ba ta yi masa ba, amma duk sanda wayarsa ta yi ƙara sai ta ɗago ta dube shi. In aka kore shi, ita ta jawo, kuma ba ta da abin da za ta gaya wa Delou.

A rana ta goma sha ɗaya, suna cikin naɗe akwatin da barguna za a kai shi filin jirgi, saƙo ya shigo masa. Ya miƙo mata ta karanta masa. An sabunta iƙamarsa, shekara guda. Tata wasiƙar tun safe take cikin jakarta, layi uku, kamfani na gode mata da hidimar da ta yi.

Laouali ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce shekara ɗaya ce, Delou kuma biyu take bukata. Ta ce ta sani. Ya ce ya ji an ba ta takarda. Ta ce an ba ta. Ya fara wata doguwar addu'a yana haɗawa da iyayenta da kakanninta, ta bari ya kai tsakiya, sannan ta ce amin, ya isa, direba na jira.

"Har yanzu kina fushi da ni, Injiniya."

"Ina yi. Da kai, da shi, da su duka. Kama ta ƙasa, Baba, ba ta wajen gilashin ba."

Ya sunkuya ya kama ta ƙasa. Ta ƙirga uku, suka ɗaga.